Likitancin Iyali

Takardu biyu Auta ta ajiye a kan teburin falo, ta koma gefe ta zauna tana jiran abin da za a ce. Ita ce ƙaramar gidan, kuma ita kaɗai ce likita a zuri'ar kaf. Ta ci jarrabawar shiga horon ƙwarewa a zama ɗaya, saura ta zaɓi fannin da za ta ƙare rayuwarta a cikinsa.

Takarda ta farko daga asibitin koyarwa ta zo, tafiyar awa tara a mota. Sun ba ta gurbi a fannin tiyatar yara, kuma mutum biyu kacal suka ɗauka a shekarar. Ta biyu ta babban asibitin garin ce, inda take aiki, minti goma sha biyar daga ƙofar gida.

Yaya Babba ya ɗauki ta farko ya karanta tun daga sama har lambar wayar da ke ƙasa, ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu.

"Wannan kuma wane fanni ne?"

"Likitancin iyali, Yaya."

"Likitancin me?"

"Iyali."

Ya dubi Mama, ya dubi Yaya Ƙarami, ya ware hannuwa. "To, ai sunansa ma ya gama magana. Ga iyali nan."

Aka yi dariya. A ɗakin da ke kallon falon, Baba na kwance wata na uku ke nan. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar.

"Ba abin da ake nufi ke nan ba," in ji Auta. "Fanni ne mai kyau, amma ba shi nake so ba. Yaya, a duk yankin nan babu mai yi wa jariri aiki. Watan jiya aka kawo mana ɗan kwana biyu, hanjinsa a toshe. Aikin awa ɗaya ne. Muka sa shi a mota, bai kai rabin hanya ba."

"Allah ya ba iyayensa haƙuri," in ji Yaya Ƙarami. "Amma dai ɗan wasu ne. Wannan na kwance kuwa shi ya haife ki."

Mama ta sa bakin mayafi ta goge ido. "Ni ban hana ki ba. Tunda nake ban taɓa hana ɗa abin da yake so ba. Ki tafi abinki. In kin dawo kin same mu, to."

Yaya Babba ɗan kasuwa ne, kayan gini yake sayarwa, ya saba raba gardama a tsakiya. Ya ce ba za a cuci kowa ba. Auta ta rubuta wa mutanen can su riƙe mata gurbinta shekara ɗaya. Kafin nan Baba ya miƙe, kowa ya kama gabansa.

"Shekara ɗaya kamar gobe ce," ya ce. "Kuma ba ke kaɗai ba, duk muna nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Ta rubuta wa Farfesa, shugabar sashen tiyatar yaran. Amsa ta zo da layi biyu: an amince, shekara ɗaya.

A ranar Auta ta zana jadawali a farar takarda, ta manna a bayan ƙofar ɗakin Baba. Mai irin wannan ciwo sai ana juya shi duk awa biyu, in ba haka ba fatar da yake kwance a kai ta mutu ta zama gyambo. Ga wanka, ga canjin robar fitsari, ga motsa gaɓoɓi, ga abinci cokali-cokali ana lura kada ya ƙware. Ta raba kwanakin mako tsakaninta da yayyenta biyu da Anti, matar Yaya Babba. Kowa ya karanta ya yaba da tsarin. Yaya Ƙarami har hotonsa ya ɗauka a waya.

Litinin ta Yaya Babba ce. Ya zo da ƙarfe takwas, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe da Baba, sai wayarsa ta yi ƙara. Motar siminti ta iso shago.

"Kin san kasuwa ba ta jira. Ki riƙe mini yau, zan rama."

Talata ta Yaya Ƙarami ce, injiniya a ma'aikatar ruwa. Shi kam ya zo da niyya, har hannun riga ya naɗe. Auta na yaye bargo ya fita da gudu, ya durƙusa a gindin famfon tsakar gida. Da ya dawo idanunsa jawur.

"Wallahi ba ƙyama ba ce, tausayi ne. Zuciyata ba ta ɗauka. Ke an koya miki."

Anti ba ta ma shiga ɗakin ba. "Ni suruka ce, ina ni ina ganin jikin Baba? Ai sai ƙasa ta tsage in shige."

Auta ta sami yayyenta ta ce, "To ko wankan ne ku ɗauke mini. Ni 'yarsa ce mace. Yana jin nauyi, rufe ido yake yi har in gama."

"Ke a wurinki ai ba tsiraici ba ne," in ji Yaya Babba. "Aiki ne."

Mama kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, wannan gaskiya ne. Jadawalin ya ci gaba da zama a bayan ƙofa. Ba wanda ya cire shi, don ba wanda yake adawa da shi.

Haka kwanaki suka miƙa. Da sassafe ta yi wa Baba wanka, ta canja shimfiɗa, ta ba shi abinci. Ƙarfe takwas tana asibiti, a ɗan ɗaki mai fanka ɗaya, da layin masu kati har bakin baranda. Lokacin da abokan aikinta ke cin abinci, ita tana kan hanya ta je ta juya Baba ta dawo. In ta taso da yamma, sai ta tarar da falo cike: gwaggo mai ciwon ƙugu, maƙwabciya da takardar gwajin jini, surukin wani kawu da hoton ƙirji a babban ambulan. In ana son a aike ta, Auta ce. In ana son ta duba wani, sai ta zama Dokta.

A wata na biyu ta ce a ɗauko ma'aikacin jinya, ko da rana ne kawai. Mama ta dafe ƙirji.

"Bare? Bare ya taɓa mahaifinku, ga likita a gida? Me duniya za ta ce? A ce mun haifa mun kasa?"

Duk ƙarshen mako yayyen suna zuwa da ledar lemo da ayaba. Su zauna gefen gado minti biyar, kowa ya riƙe hannun Baba mai lafiyar, a ɗauki hoto a tura wa dangi da rubutu a ƙasa: muna tare da Baba. Dangi su yi ta sa albarka. Auta ba ta fitowa a hotunan, don ita ke ɗauka.

Shekara ta zagayo Baba bai miƙe ba. Auta ta san ba zai miƙe ba, ta faɗa tun watan farko, aka ce ta daina yi wa mahaifinta mugun baki. Saura mako uku ta kama aiki a asibitin koyarwa, ta nemo wani dattijon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, mutum mai sanyin hali da ya shekara talatin yana juya marasa lafiya. Ta ce da Mama abokin aiki ne zai taya ta. Dattijon ya yi wa Baba wanka da aski, ya zaunar da shi a kujera a bakin taga, abin da ita ba ta iya yi ita kaɗai. Ranar ta ga Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa.

Kwana huɗu ya yi. A na biyar ta dawo ta tarar da Baba kwance a jiƙe tun safe.

"Na sallame shi," in ji Yaya Babba a waya. "Hannunsa da nauyi."

"Wa ya ce?"

"Na gani a idon Baba."

Ta kira Farfesa don ta roƙi ƙarin mako biyu, ta samu ta sake shiri. Farfesa ta amsa cikin mamaki.

"Likita, ban gane ba. Ai yayanki ya kira ofishina tun watan jiya. Ya ce iyali sun zauna, kin janye, kuma kunya ce ta hana ki faɗa da kanki. Na ji ba daɗi, don na ga takardunki. Mun riga mun ba wani gurbin, har ya karɓa."

Auta ta ce, "Na gode, ranki ya daɗe." Ta ajiye wayar a kan gado, ta ƙarasa shafa wa Baba mai a duga-dugai, don ta riga ta fara.

Washegari ta je shagon. Ta same shi tsakanin buhunan siminti da rodi, yana duba wani kwanon rufi da ya lanƙwashe.

"Yaya, kai ka kira su?"

"Ni ne." Bai ko ɗago ba. "Na sauƙaƙa miki ne. Na ga kina cikin ruɗu, zuciyarki biyu, har ramewa kike yi. Na ce bari in cire miki ƙaya."

"Ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ki ai cewa za ki yi a'a."

"To shi ne ka yi ƙarya da sunana?"

Sai a nan ya ɗago. "Ki iya bakinki. Boko bai sa kin girme ni ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wata rana za ki gode mini."

A gida Mama ta ce, "Ni ban san ya kira ba. Takardar asibitin koyarwar kawai ya ce in ɗauko masa a jakarki, na ɗauko." Yaya Ƙarami ya ce shi dai bai goyi baya ba, Allah shaida ne, amma tunda an riga an yi, tayar da maganar ba zai amfani kowa ba, sai dai ya ƙara wa Baba hawan jini.

Ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba. Ba wanda ya lura sosai, tunda aikin bai tsaya ba.

Da aka buɗe ɗaukar masu horo a asibitin garin, ta haƙura ta karɓo takardar likitancin iyalin. Ta ce da kanta rabin abu ya fi babu. Ta nuna wa Yaya Babba, ta yi masa bayani: shekara huɗu ne, ana zagaya sassa, ana kwana a asibiti sau biyu a mako, akwai wata shida a wani ƙaramin asibiti a bayan gari.

"Kwana? To wa zai kwana da Baba?"

"Kai da Yaya Ƙarami. Sau biyu ne kawai a mako."

"Ni da nake da iyali?"

"Yaya, kai fa ka ce in yi likitancin iyali."

"To ai kina yi," ya ce, da gaske kuma yake faɗa. "Me kuma za su koya miki?"

Takardar ta zauna a jaka har ranar rufewa ta wuce.

A shekara ta uku wani likitan haƙori ya fito yana son ta. Mutumin kirki, mai yawan shiru. Ya turo manyansa, aka karɓe su hannu bibbiyu, aka ce ba a ƙi ba, a dai bari Baba ya ɗan samu sauƙi. Ya jira wata goma sha huɗu. Da ya sake turowa, Yaya Babba ya ce an amince, da sharaɗin amarya za ta ci gaba da kwana a gidansu, ta riƙa leƙa mijinta in hali ya yi. Manyan suka ce za su yi shawara. Ba su dawo ba.

"Kin gani ko?" in ji Mama. "Allah ya raba ki da marar haƙuri."

Baba mutum ne mai jiki, kwanciya ba ta rage shi da yawa ba. Wata safiya tana ɗago shi ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayanta, zafi ya sauka har ɗan yatsan ƙafa. Likitan ƙashi na asibitinsu ya duba hoton, ya dube ta.

"Shekarunki nawa? Wannan bayan ɗan dako ne. Ki daina ɗaga abu mai nauyi, ko bokitin ruwa."

Ta kawo takardar gida ta ajiye a teburin falo. Yayyen suka karanta, ransu ya ɓaci ƙwarai. Washegari Yaya Babba ya aiko mata da bel ɗin ɗaure baya, mai kyau, ɗan waje. Mama ta ce ta kira shi ta yi godiya, ba kowane wa ne ke tunawa da ƙanwarsa haka ba.

Rashin barci ya fara binta asibiti. Wata rana ta rubuta wa yarinya 'yar shekara uku maganin da ake ba babban mutum. Mai ba da magani ya gano, ya tako da kansa har ɗakinta, ya rufe ƙofa, ya ajiye katin a gabanta. Auta ta dubi rubutun. Nata ne. Ta gyara, ta ce na gode, ta shiga banɗaki ta kulle, ta tsaya tana kallon hannuwanta. Su ne waɗanda malamanta suka ce an halicce su don ɗinke hanjin jariri. Yanzu duk sun bushe da sabulu.

Ita da kanta ta je ta faɗa wa shugaban sashe. Ya tausaya, ya mayar da ita ɗakin duba ma'aikata, inda aikin bai wuce awon jini da sa hannu a takardun hutun rashin lafiya ba. Da aka ji a gida aka yi murna, don yanzu tana tasowa da wuri.

Wata la'asar a shekara ta huɗu, tana yanke wa Baba farce, ya kama wuyan hannunta da hannunsa na hagu. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ta… fi."

"Na'am, Baba?"

"Tafi." Ya nuna ta da haɓa, ya nuna ƙofa. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye. "Ke. Tafi."

Ta kifa kai a gefen katifa ta yi kukan da ta shekara uku tana ajiyewa. Ya ɗora mata hannu a ka ya bar shi a nan.

Ƙarshen mako da aka taru, ta ce Baba ya yi magana, kuma tana so kowa ya ji da kunnensa. Suka shiga suka kewaye gadon. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tattara ƙarfinsa, ya nuna Auta.

"Tafi."

"Allah sarki," in ji Yaya Babba. "Tafin hannunsa ke masa ƙaiƙayi. Auta, sosa masa."

"Ko kuma tafi yake so a yi masa, ya yi magana," in ji Yaya Ƙarami. Ya ɗan tafa sau biyu, Anti ta taya shi.

Baba ya rufe ido. Bai sake gwada kalmar a gabansu ba.

Sakamakon jarrabawar da ta ci shekara biyar yake aiki, in ya wuce sai an sake zama daga farko. Ranar da nata ya mutu Laraba ce. Ta tuna da rana tsaka, tana shanya zanin gado. Ta ƙarasa shanyar, ta sa maƙalai don akwai iska.

Baba ya rasu a shekara ta shida, da hantsi, kansa a kan cinyarta. Da masu wanka suka fito, babbansu ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi shekara shida a kwance babu gyambo ko ɗaya a jikinsa ba. Maganar ta zagaya wurin zaman makoki. Mutane suka riƙa kama hannun Yaya Babba da hannu biyu.

"Kun yi ƙoƙari. Kun riƙe mahaifinku. Allah ya ba ku masu yi muku."

"Wajibinmu ne," yake cewa, kansa a ƙasa. "Ba mu yi komai ba."

Wannan dai gaskiya ya faɗa.

Bayan wata biyu ƙafafun Mama suka fara kumbura, in ta kwanta sai numfashi ya gagare ta. Auta ta saurari ƙirjinta, ta danna ƙaurinta ta ga yatsa ya bar rami. Ta ce zuciya ce ta gaji, ruwa ke taruwa, ta faɗi magungunan da za a fara da su da gwajin da za a yi.

Yaya Babba ya girgiza kai. "Ba raini ba, Auta, amma zuciya ba abin wasa ba ce. Wannan sai ƙwararre. Ke ai likitar gama-gari ce."

Ya samo wata ƙwararriyar likitar zuciya da ke zuwa wani asibiti mai zaman kansa duk Asabar. Suka tafi su huɗu a motarsa. Suna shiga ofis matar ta miƙe tsaye da ihu ta rungume Auta. Ajinsu ɗaya a makarantar likitanci, ɗakinsu ɗaya shekara biyu.

"Ke! Ina kika shige? Ni na ɗauka kina can kina yi wa jarirai aiki. Ku 'yan'uwanta ne? Wannan ita ta riƙa koya mana, ba don ita ba da ban ci jarrabawar ƙarshe ba. Yanzu a wane fanni kike?"

"Ina nan gida," in ji Auta.

Matar ta dubi fuskarta, ta dubi bel ɗin da ya turo ta ƙarƙashin riga, ba ta ƙara tambaya ba. Ta duba Mama, ta yi hoton zuciya, ta faɗi abin da Auta ta faɗa, ta rubuta magungunan da Auta ta lissafa. Ta ce Mama na bukatar mai lura da ita kullum: awon nauyi kowace safiya, rage gishiri, magani a kan lokaci.

A hanyar dawowa Yaya Babba yana tuƙi yana jinjina kai.

"Kun ji likita. Magana ɗaya-ɗaya, ta san abin da take yi. Wai ajinku ɗaya, Auta?" Ya dube ta ta madubi. "Kin ga abin da himma ke yi. Ke shekara shida kina wuri ɗaya. Ba don in ɓata miki rai na faɗa ba, amma mutum ya riƙa duba sa'o'insa."

"Gaskiya kam," in ji Yaya Ƙarami. "Da ƙwaƙwalwarki, abin da takaici."

Ba wanda ya taɓa dukan Auta a gidan nan. Ba a kulle ta a ɗaki ba, ba a hana ta abinci ba, ba a zage ta a gaban mutane ba. In za a kai ƙara, ba a san laifin da za a rubuta ba. Kowa a gidan yana son ta, kuma kowa zai rantse a kan haka bai yi kaffara ba. Shekara shida aka ɗauka daga rayuwarta, kwana ɗaya-ɗaya, kowane kwana da uzurinsa mai kyau, kuma duk wanda ya ɗauka ya tafi yana ganin kansa mutumin kirki. Yaran da aka sa a mota cikin shekarun nan ba su kai ba, ba wanda ya san adadinsu, don ba a gidan aka yi makokinsu ba.

Motar ta tsaya a ƙofar gida. Suka fito, ban da Mama da ke jiran a kama ta. Yaya Babba ya miƙo wa Auta ledar magunguna ba tare da ya dube ta ba, yana laluben waya a aljihu.

Ba ta karɓa ba.

Ledar ta tsaya a iska. Ya juyo.

"Karɓi mana."

"A'a, Yaya." Muryarta ba ta tashi ba. "An rubuta a jikin kowanne, safe ko yamma. Ka iya karatu. Ma'aunin nauyi kuma hawa kawai ake yi a duba lamba. Wannan aikin ba likita yake nema ba, ɗa yake nema. Mama ta haifi uku. Ni na yi shekara shida, ku raba shida tsakaninku, uku-uku. Zan sake zama jarrabawa."

Yaya Ƙarami ya dubi takalminsa. Tunda take ba ta taɓa ganin Yaya Babba ya rasa karin magana ba sai yau. Ya ɗora ledar a kan motar a hankali, kamar za ta fashe.

Auta ta juya ta nufi ƙofa. Taku huɗu ta yi.

"Auta," in ji Mama daga cikin mota. Muryar a shaƙe take, kuma ba ta ƙarya ba ce. "Zo ki kama ni, 'yar nan. Ƙafar ta ƙi."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta ba su lokaci. Maza biyu majiya ƙarfi suna tsaye, kowanne taku ɗaya tsakaninsa da ƙofar motar. Wayar Yaya Babba ta yi ƙara, ya duba, ya ɗaga, ya matsa gefe yana cewa, "Ina jin ka, tirela nawa?" Yaya Ƙarami ya sunkuya yana duba tayar baya, ya ce kamar iskarta ta ragu. Hannun Mama na miƙe a waje, kumburarre.

Ba mugunta ce ta tsayar da su ba. Sun san za ta dawo. Da wannan sanin suka yi shekara shida suna barci lafiya.

Ta dawo. Ta gyara bel ɗinta, ta sunkuya, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatar Mama ta ɗago ta. Zafin ya sauka har ɗan yatsa. Suka taka a hankali, suna hutawa duk taku uku, har bakin ƙofa.

Yaya Babba ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ɗaga murya.

"Auta! Kin manta ledar."